Rigar Anko Ba Ta Kashe Yunwa: Magana Kan Tunawa da Fada Alphonsus Bello



Karatunmu na wannan mako yana cikin Matiyu 23:29-32 da Yohanna 10:11-15. Ku buɗe ku karanta tukuna, domin abin da zan faɗa ya dogara a kansu ne. Kuma tun yanzu ina roƙon gafara, don na san maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Makon jiya kwamitinmu ya zauna domin shirya ranar tunawa da Fada Alphonsus Bello, kamar yadda muka saba yi idan watan Mayu ya zagayo. Mun shafe kusan awa biyu. Mun yi gardama kan launin riga, fara ko baƙa. Mun yi gardama kan ko hoton zai zauna a gaba ko a baya, da wanda zai kai aikin wurin masu bugawa a Sakkwato, da wanda zai kawo janareta. Da muka kusa tashi, wata 'yar'uwa da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, matan nan da ke kwana da 'ya'yansu a ajin makarantar firamare da ke bayanmu fa, ba za mu ware musu komai ba? Ɗaya daga cikinmu ya amsa mata yana dariya, ya ce ai waɗannan ba namu ba ne, 'yan'uwansu su ji da su. Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, amma ban ce uffan ba, kuma shiruna ya hana ni barci a daren nan. Don haka wannan rubutu ni ya fara kamawa kafin kowa.

Bari mu tuna wanda muke cewa za mu girmama. Fada Alphonsus Bello firist ne na Babban Dayosis na Kaduna. Aronsa aka ba Dayosis na Sakkwato, domin aiki a nan ya fi ƙarfin ma'aikata. Aka tura shi majami'ar St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi a jihar Katsina, wadda a lokacin take ƙarƙashin Sakkwato, wato dayosis ɗaya da mu nan Sabon Birni da Isa. Sai a 2023 ne aka yanke Katsina ta zama dayosis mai zaman kanta, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa. A daren 20 ga Mayu 2021 'yan bindiga suka afka wa gidan Fadan. Da gari ya waye aka tsinci gawarsa a cikin gona, bayan makarantar horar da katikis ta Malumfashi. Suka tafi da Fada Joseph Keke, dattijo, wanda bai samu kuɓuta ba sai a farkon Yuni. Ranar 1 ga Yuni aka binne Fada Alphonsus a Kaduna, Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi wa'azi a jana'izar. Saurayi ne, tsaran yayyen da yawa daga cikinmu.

Abu ɗaya nake so ku riƙe a cikin wannan labari. Mutumin nan ba a Malumfashi aka haife shi cikin aikin firist ba, Kaduna ce gidansa na aiki. A 2021 babu wanda bai san halin da kudancin Katsina da Zamfara da gabashin Sakkwato suke ciki ba. An aiko shi, ya zo, ya zauna, kuma a bakin aikinsa mutuwa ta same shi. Yesu ya bambanta makiyayi da ɗan ƙwadago a Yohanna 10 da abu ɗaya tak, wato abin da kowannensu yake yi idan kyarkeci ya tunkaro garke. Ɗaya ya tsaya, ɗaya ya ranta a na kare. Wannan tsayuwar ita ce gadon da Fada ya bar mana.

Duk wanda ya tashi kusa da gidan mishan a ƙasar Hausa ya san cewa aikin Fada ba ya ƙarewa da Misar Lahadi. Ƙofarsa ake bugawa da tsakar dare idan naƙuda ta yi gardama, domin sau da yawa motarsa ce kaɗai a unguwar. Wurinsa ake zuwa idan kuɗin makaranta ya gagara, ko miji da mata sun saɓa, ko an kama yaro a ofishin 'yan sanda. Shi ke hawa babur ya bi ƙauyuka cikin damina, inda katikis ke riƙe da 'yan tsirarun masu bi. Rijiyar da ke harabar mishan kuwa, ban taɓa ganin an tsaya a bakinta ana tambayar mai guga sunansa ba. Haka aikin ya faro tun zuwan Fadan Dominika ƙasar nan a shekarun 1950, da makaranta da ɗakin shan magani da majami'a tare, kuma haka ya ci gaba bayan Sakkwato ta zama dayosis a 1964. Wannan ne irin aikin da aka aiko Fada Alphonsus ya yi.

To mu kuma da me muke so mu tuna da shi? Da riga mai hotonsa, wadda za a sa yini ɗaya, bayan wata uku ta koma tsumman goge babur. Da kalanda. Da hoton da za mu zuba a Facebook da WhatsApp mu rubuta a ƙasa cewa ba za mu taɓa mantawa ba, alhali washegari mun manta. Ba na cewa riga zunubi ce. Amma ku sake karanta Matiyu 23. Mutanen da Yesu ya tsawata wa a can, ba rushe kaburburan annabawa suke yi ba. Gina su suke yi, suna ƙawata su, suna bugun ƙirji cewa da a zamaninsu ne da ba a kashe annabawan ba. Abin da ya sa ya kira su munafukai shi ne, sun ga ƙawata kabari ya fi sauƙi a kan bin abin da annabin ya koyar. Mamaci ba ya tsawata wa kowa. Za ka iya ɗora hotonsa a ƙirjinka ka ci gaba da rayuwarka yadda kake so.

Laifinmu na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne yadda muke ƙidayar matattu. Ku tambayi kowane matashi a zumuntarmu, zai lissafa muku limaman Kirista da aka kashe a arewa ba tare da ya duba takarda ba. Wannan daidai ne, ya kamata mu san su. Amma ku tambaye shi abin da ya faru a ƙauyukan Sabon Birni ranar 27 ga Mayu 2020, lokacin da aka kashe mutum fiye da saba'in a yini ɗaya, a wurare irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. Ku tambaye shi kasuwar Goronyo a Oktoba 2021, inda aka buɗe wuta kan masu ciniki, mutum fiye da arba'in suka mutu. Ku tambaye shi motar fasinja da aka tare a wajen Gidan Bawa a farkon Disamba 2021, aka cinna mata wuta da mutane a ciki, har da mata da yara, fiye da ashirin suka ƙone. Ku tambaye shi Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda aka sace a hanya a Yuli 2024, duniya ta gan shi a bidiyo a ɗaure yana roƙon a cece shi, aka kashe shi a Agusta. Duk wannan a ƙofar gidanmu ya faru. Sau nawa muka ambaci waɗannan mutane a addu'ar zumunta? Sau nawa muka tashi muka je gaisuwa a matsayin ikkilisiya?

Yawancin waɗanda suka mutu a waɗannan wurare Musulmi ne, Gobirawa, maƙwabtanmu. Su ne waɗanda ake ɗora wa haraji kafin su yi noma a gonakinsu na gado. Su ne suka tsallaka iyaka da ƙafa zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan Maraɗi, dubbai a kan dubbai. Tare da su muka sha wahalar rufe layukan waya a 2021, muna neman tudu inda za a kama sabis na Nijar. A kasuwa ɗaya muke sayen gero, a hanya ɗaya gabanmu yake faɗuwa idan mota ta doshi kwanar da aka saba tarewa. Harsashin da ke tashi daga dajin nan bai taɓa tsayawa ya nemi katin baftisma ba. Amma mu da muke cewa mun san Allah mai ƙauna, mu ne muke tsayawa mu nema kafin mu ba da kwanon masara.

Na san amsar da wasunku suke shiryawa, kuma ba zan kauce mata ba. Za ku ce, Deborah fa? Deborah Samuel, ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wadda aka jefe aka ƙone a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022 bisa zargin ɓatanci, bayan kwana biyu kuma aka kai wa babbar majami'ar Holy Family hari. Za ku ce, Michael Nnadi fa? Ɗan shekara 18, ɗan dayosis ɗinmu, wanda aka sace daga makarantar horar da firistoci ta Good Shepherd a Kaduna ranar 8 ga Janairu 2020 tare da wasu uku, aka sako su aka kashe shi, wanda ake zargi da kisan kuma ya shaida wa 'yan jarida cewa yaron ya ƙi daina yi masa wa'azi. Za ku ce Fada Isaac Achi fa, wanda ya tsira daga bam ɗin Kirsimeti na Madalla a 2011, aka zo aka ƙone shi a cikin gidansa a Kafin Koro ranar 15 ga Janairu 2023? Duk gaskiya ne. Akwai waɗanda ake kashewa saboda sunan Yesu a ƙasar nan, kuma duk wanda ya ce mu yi shiru a kan haka ba masoyinmu ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun san wuyar samun filin gina majami'a, mun san yadda muke auna kowace kalma kafin ta fita daga bakinmu a wurin aiki da makaranta. Dole mu ci gaba da neman a hukunta masu kisa, da babbar murya.

Sai dai ku gaya mini, wace alaƙa ce tsakanin waɗanda suka jefe Deborah da tsohuwar da ta gudo daga ƙauyenta da jikoki huɗu da tabarma ɗaya? Da wane lissafi za mu biya bashin wancan a kan wannan? Idan muka ce duk Musulmi ɗaya ne, ko duk Bafulatani ɓarawo ne, mun yi daidai abin da muke kuka ana yi mana, lokacin da ake cewa duk Kirista arne ne da ba shi da haƙƙi. Michael Nnadi, yana ɗaure a hannun masu garkuwa, ya ga wanda ke tsare da shi a matsayin rai da ke bukatar ceto. Mu da muke kwance a ɗakunanmu da waya a hannu, mun fi shi jin zafi ne da za mu ɗauki jininsa mu yi ta hura wutar gaba da shi? Na ga saƙonnin da ake turawa a zaurenmu na WhatsApp duk lokacin da aka kashe limamin coci. Wasu daga ciki, da Fada Alphonsus zai tashi ya karanta, da ya roƙe mu mu cire hotonsa daga kai.

Abin da nake kira gare shi ba baƙon abu ba ne, an yi shi a gabanmu. A Yuni 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, wani limamin masallaci, Malam Abubakar Abdullahi, ya buɗe masallacinsa da gidansa a Nghar ya ɓoye mutum fiye da ɗari biyu, yawancinsu Kirista. Ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Mun yaba masa, mun yaɗa labarinsa, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Idan mun ji daɗi da Musulmi bai tambayi addinin masu gudu ba, da wane ido za mu tambayi addinin masu yunwa? A Aljeriya kuma, a shekarun da ƙasar ke cikin zubar da jini, Bishop Pierre Claverie na birnin Oran, ɗan ƙungiyar Dominika irin waɗanda suka kafa aikin Sakkwato, ya ƙi barin ƙasar duk da barazana. Ranar 1 ga Agusta 1996 bam ya tashi da shi a ƙofar gidansa tare da matashin da ke tuƙa shi, Mohamed Bouchikhi, Musulmi, wanda shi ma ya san haɗarin bai rabu da shi ba. A 2018 aka ɗaga Bishop ɗin zuwa matsayin mai albarka a Oran, kuma har yau ba a ba da labarinsa ba tare da an ambaci direban ba.

Akwai kuma wata magana da nake ji daga ɓangaren 'yan'uwanmu da ba Katolika ba, cewa me ya haɗa mu da Fada, ai ba ɗan ɗarikarmu ba ne. Mu nawa ne a ƙasar Gobir duka, da har za mu rarraba gawawwakinmu bisa ɗarika? Idan an tare mota, ba a ware ɗan ECWA daga ɗan Katolika ko Anglika ko Baptis. Muna da bambancin koyarwa, kuma ba laifi mu zauna mu tattauna shi da Littafi a buɗe. Amma wanda ya bar garinsu ya zo ya yi wa talakawan ƙasar Hausa hidima da sunan Yesu har ya rasa ransa, namu ne. Wanda ya kasa ganin haka ya koma ya karanta 1 Korintiyawa 12.

Wasu kuma za su ce, mu ma talakawa ne, yawancinmu ba mu da aikin yi, me za mu iya? Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ita ce kwamitinmu da kansa ya rushe. Mun samo kuɗin riga. Mun samo kuɗin janareta da lemo da hayar kujeru. Ashe akwai. Abin da babu shi ne niyyar kai shi inda babu mai ɗaukar hoto. Yakubu 2 ya yi maganar mutumin da ya ga ɗan'uwa tsirara da yunwa ya sallame shi da fatan alheri kawai, ya ce irin wannan bangaskiya gawa ce. A Luka 10 kuwa, waɗanda suka ratse suka bar mai rauni a hanya ma'aikatan haikali ne, wanda ya tsaya kuma mutumin wata kabila ne da wani addini da ake ƙyama. Yesu da gangan ya shirya labarin haka, domin mai tambayar yana neman a shata masa iyakar maƙwabci, kamar yadda ɗan'uwanmu ya shata a taron kwamiti.

Saboda haka ga abin da nake kawowa gaban zumunta, kuma ina so a kaɗa ƙuri'a a kai ranar Lahadi bayan sujada.

Na ɗaya, a soke rigar bana. Kuɗin da kowa ya yi niyyar bayarwa a haɗa a sayi gero da sabulu da gidan sauro kafin damina ta kankama, a kai wa waɗanda ke kwana a makarantar nan. A bi ta hannun mai unguwa da limamin unguwar, a gaya musu a fili cewa sadaka ce don tunawa da wani Fada da aka kashe, ba tare da wani sharaɗi ba. Kada a haɗa da wa'azi, kada a ɗauki hoton kowa. Mai yunwa yana da mutunci.

Na biyu, a ranar tunawar, bayan an ambaci Fada Alphonsus da Michael da Deborah da Fada Achi, a ambaci Garki da Goronyo da Gidan Bawa da Gatawa, a yi addu'a domin marayu da gwaurayen da aka bari a can.

Na uku, masu ilimi a cikinmu, malamai da ɗalibai da masu bautar ƙasa, su ba da yamma biyu a mako su koya wa yaran 'yan gudun hijira karatu da lissafi, idan iyayensu sun yarda. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su duba abin da za su iya. Masu ƙoshin lafiya su je asibiti su ba da jini, domin waɗanda ake kawowa da raunin harbi ba sa jira.

Na huɗu, mu kula da masu hidimar da ke raye. Fada da fasto da katikis da ke zaune a cikinmu yau, wa ya san ko sun ci abinci? Wa ya taɓa raka su ƙauye? Kada mu jira sai an kashe mutum mu gane darajarsa, wannan ihu ne bayan hari.

Na biyar, duk saƙon da ke zagin wata kabila ko wani addini gaba ɗaya, shugabannin zaure su goge shi, su kira mai shi su yi masa magana cikin ƙauna.

Na san za a ce na tsananta. Wataƙila wani ya ce ina neman suna a wurin waɗanda ba sa ƙaunarmu. Ba komai. Abin da ya dame ni shi ne ranar da aka kwatanta a Matiyu 25, inda tambayoyin duka a kan abinci ne da ruwa da sutura da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku. Ga 'yar'uwar da ta ɗaga hannu kuma, ki yafe mini shiruna. Ranar Lahadi zan tsaya tare da ke.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin bawanka Alphonsus, da dukan waɗanda suka tsaya a bakin aikinka har ƙarshe. Ka ta'azantar da iyayensa da jama'ar Malumfashi. Ka dubi ƙasar Gobir, ka dubi Sabon Birni da Isa da Goronyo da Shinkafi, ka mayar da masu gudu gidajensu, ka ba shugabanni tsoronka, ka juyo da zukatan waɗanda ke daji. Ka gafarta mana inda muka tsallake maƙwabcinmu a hanya. Ka ba mu ƙarfin hali mu yi abin da muka ji yau. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.